Waiwaye: Yadda Keɓe Dazuzzuka Ya Koma Lissafin Kashi Cikin Ɗari

A shekarar 1872 Amurka ta kafa gandun dajin Yellowstone, wanda ake yi wa kallon na farko irinsa a duniya, kuma a 1925 Turawan mulkin mallaka na Beljiyam suka keɓe wanda a yau ake kira Virunga a Kwango. A wancan zamani babu mai tambayar kashi nawa na faɗin ƙasa aka keɓe, domin kowane gandu da dalilinsa, ko dai kyan wurin ko namun dajin da mafarauta ke neman ƙararwa.

Lissafin ya shigo daga baya. Taron masana gandun daji na duniya da aka yi a tsibirin Bali na Indonesiya a 1982 ya ba da shawarar kashi 10 cikin ɗari, sannan a 2010 ƙasashen da suka rattaba hannu kan yarjejeniyar kare halittu ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince a Nagoya da ke Japan cewa a kai kashi 17 na doron ƙasa kafin ƙarshen 2020. Saura ƙiris a cika alƙawarin, domin an haura kashi 16, abin da ba kasafai ake gani ba a alƙawuran muhalli. A Disambar 2022, a Montreal da ke Kanada, aka ɗaga burin zuwa kashi 30 nan da 2030.

Sai dai adadin yana ɓoye abubuwa da dama. Gwamnatoci sun fi saurin keɓe duwatsu, hamada da ƙanƙara, wuraren da manomi ko mai haƙar ma'adinai ba zai yi jayayya a kansu ba. Gandun arewa maso gabashin Greenland kaɗai ya kai murabba'in kilomita 972,000, akasarinsa ƙanƙara ne, yayin da fadamu da dazuzzukan kwari masu tarin halittu ke ci gaba da komawa gonaki. Wasu gandun kuwa a takarda kawai suke, babu masu gadi, babu motar sintiri, masu saran katako na shiga da rana tsaka. Akwai kuma batun mazauna, kamar 'yan ƙabilar Masai da aka tasa daga gandun Serengeti na Tanzaniya a 1959, wanda ya sa yarjejeniyar Montreal ta ambaci haƙƙin 'yan asalin wuri ƙarara.

Rahoton Protected Planet na 2024, mai bibiyar wuraren da aka keɓe a duniya, ya nuna an tsaya a kashi 17.6 na doron ƙasa, wato da sauran fiye da kashi 12 kafin wa'adin ya cika.