An ɗaura sabuwar taya, fitilar iska ta ƙi mutuwa

A aikinmu na wayar da kan masu tuƙi, akwai ƙorafin da ba ya ƙarewa. Mutum ya sayi sababbin tayoyi, an ɗaura masa, ya hau titi hankali kwance, bai yi nisa ba sai ga wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta kama a allon gabansa, mai siffar harafin U da alamar motsin rai a cikinta. Ya koma wurin mai faci, a auna iska a ce lafiya lau, fitila kuwa tana nan daram. Daga nan sai zargi ya koma kan taya, ko jabu ce, ko ba girman motar ba ce. Galibi tayar ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

Motocin zamani da yawa suna da wata 'yar na'ura a cikin kowace ƙafa, masu gyara suna ce mata sensa. Ba a ganinta daga waje, domin tana maƙale ne a gindin bawul ta cikin wili, girmanta bai wuce na akwatin ashana ba. Tana auna ƙarfin iskar tayar, tana aika wa kwamfutar mota saƙo ta hanyar rediyo. Idan iska ta yi ƙasa, ko saƙon ya daina zuwa, sai fitilar ta kama.

To, mazaunin nan nata shi ne yake ja mata. Kafin a cire tsohuwar taya sai an danne bakinta an raba shi da wili, ko da inji ko da ƙarfe da guduma. Idan aka danna daidai saitin bawul, bakin tayar zai nutsa ya murƙushe sensar. Haka nan wajen zura ƙarfe a ɓanɓaro taya, haka wajen tura sabuwa ta zauna. Jikin sensar roba ce mai tauri, ba ta da juriyar wannan kokawa. Wani lokaci ma ba ta mutuwa nan take. Tsagewa take yi, ta yi 'yan kwanaki tana aiki, sannan ta yi shiru, lokacin mai mota ya manta da zancen canja taya. Ma'aikacin da ya san hannunsa yakan fara duba inda bawul yake, ya kauce masa kafin ya danna komai.

Akwai wanda ya fi wannan ban haushi. Daidai ne a sabunta bawul duk sanda aka saka sabuwar taya, amma wanda bai san da sensa ba sai ya fizge tsohon bawul ya jefar har da ita, ya sa na roba zalla. Taya ta riƙe iska sarai, kwamfuta kuma tana ta jiran saƙon da ba zai taɓa zuwa ba. Wanda ya sayi sababbin wili don kwalliya bai sa an mayar masa da sensocinsa ba, shi ma abin da zai tarar ke nan.

Sai ƙananan kayan da ake rainawa. Bawul ɗin sensa da yawa na alminiyam ne, yana da zoben roba da ke hana yoyo, da noti, da 'yar allurar da ke cikinsa, da murfi. Zoben yana bushewa da tsufa, idan aka kwance aka mayar da shi sai iska ta riƙa zurarewa a hankali. Notin kuwa idan aka matse shi fiye da kima yakan fasa bawul ɗin. Allurar ma ba kowace ake sawa ba. Ta tagulla zalla ba ta jituwa da alminiyam, da zarar danshi ya shiga sai su ci juna su manne, ranar da aka zo kwancewa bawul ya karye. Mai rufin nikel ake sawa. Saboda wannan dalili ne ma murfin roba ya fi wa irin wannan bawul alheri a kan murfin ƙarfe mai ƙyalli da wasu ke sha'awa.

Amma a yi wa mai faci adalci, ba kullum ne laifinsa ba. Kowace sensa tana da batir a rufe cikin jikinta, wanda ba a yi shi don a canja ba, kuma yakan yi shekara 5 zuwa 10. Motar da ta kai canjin taya karo na biyu, batiran sensocinta sun riga sun manyanta. Sai mutuwar batir ta zo daidai da canjin taya, a ɗora wa wanda ya taɓa motar ƙarshe. Idan ɗaya ta mutu don tsufa, ragowar ukun ma suna kan hanya, tunda rana ɗaya aka saka su. Ni dai shawarata, idan motarka ta kai waɗannan shekaru, ka canja su duka tun taya tana kwance, ya fi a riƙa kwance ƙafa ɗaya bayan ɗaya.

Wani lokacin kuma babu abin da ya lalace. Kowace sensa tana da lambarta, kuma sai kwamfuta ta san lambar kafin ta saurare ta. Idan an sa sabuwa, ko an sauya wa ƙafafu wuri, dole a sake gabatar da su. Wasu motocin suna koyo da kansu bayan tafiyar 'yan mintuna, wasu da maɓalli ko ta allo, wasu sai an jona na'urar bincike. Littafin motar zai faɗi nata tsarin. A kula kuma wajen sayen sabuwa, domin wasu suna aika saƙo a kan mitar rediyo ta megahaz 315, wasu a kan 433, kuma motar da aka ƙera don ɗaya ba ta jin ɗayar.

Fitilar da kanta tana faɗin inda matsala take. Ka kunna mota ka zuba mata ido. Idan ta kama ta tsaya cak, iska ce ta yi ƙasa a wata taya, har da safaya a wasu motocin. Idan ta yi ta ƙiftawa na daƙiƙa 60 zuwa 90 sannan ta tsaya, na'urar ce ke da matsala, ko an cika iska ba za ta mutu ba.

Akwai motocin da ba su da sensa a cikin taya sam. Suna lura ne da saurin juyawar ƙafafu ta na'urar burkin ABS, mai hana ƙafa ƙullewa idan an taka burki, tunda tayar da iskarta ta ragu takan ɗan fi sauran saurin juyawa. Waɗannan babu abin da za a fasa, saiti kawai ake sake musu bayan an daidaita iska.

Abin da ya fi damuna shi ne masu liƙa tef a kan fitilar, ko su sa a kashe ta. Ba don ado aka ƙirƙiro ta ba. Bayan munanan haɗurran da suka shafi tayoyin Firestone a kan motocin Ford Explorer, Amurka ta yi dokar TREAD a shekarar 2000, kuma daga Satumban 2007 wannan na'ura ta zama tilas a sababbin ƙananan motoci a can. Tarayyar Turai ta wajabta ta a duk sababbin ƙananan motocin fasinja daga Nuwamban 2014. Tayar da iskarta ta yi ƙasa gefunanta suna lanƙwashewa a kowane juyi, su ɗau zafi, har ta iya fashewa ana cikin gudu, ga shan mai, ga cinyewar gefuna. Ido kuma ba ya gane ragin da wuri. Ita kanta fitilar, bisa ƙa'idar Amurka, tana iya jira har iska ta ragu da kashi 25 cikin 100 kafin ta kama.

Don haka, 'yan'uwa masu mota, kafin a taɓa ƙafa ko ɗaya, ku nuna wa ma'aikaci allon motar ya gani da idonsa cewa fitilar a mace take, ku faɗa masa akwai sensa a ciki. Idan wurin suna da na'urar gwaji, a gwada kowace ƙafa kafin aiki da bayansa. Duk abin da aka cire a ba ku ku gani. Idan fitilar ta kama kafin a samu gyarawa, sai a koma ga geji na hannu, a riƙa aunawa aƙalla sau ɗaya a wata da kuma kafin doguwar tafiya, taya tana da sanyi ba bayan an sha gudu ba. Adadin da za a bi yana kan takardar da ke liƙe a jikin ƙofar direba. Wanda ke rubuce a gefen taya iyakar abin da tayar ke iya ɗauka ne.