Haƙƙin mallakar waƙa ba ya jiran rajista

Mawaƙa da marubuta da yawa a Sakkwato sun daɗe suna ɗauka cewa doka ba ta kare aikin mutum sai ya yi masa rajista a Abuja, don haka idan masu tura waƙoƙi a kasuwa suka sayar da waƙar sha'iri ba da izininsa ba, sai ya haƙura yana ganin ba shi da hujja. Wannan kuskure ne mai cutarwa. A ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, kariya tana farawa ne da zarar an rubuta aikin ko an naɗe shi, ko da a wayar hannu ce, muddin mai shi ne ya ƙirƙira. Rajistar da Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka take yi shaida ce da ke sauƙaƙa shari'a, ba sharaɗi ba ce. Haƙƙin baituka da rubutu yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai shi, magadansa suna cin moriya. Kuma furodusa ba ya mallake waƙar da yarjejeniyar baka, domin doka ta ce sai an rubuta cinikin.