Shirin Karatun Kiɗa a Jami'a Tun Daga Sakandare

Shirin karatun kiɗa a jami'a shi ne horon da ɗalibin sakandare yake samu, a cikin makaranta da wajenta, domin ya cancanci shiga sashen kiɗa na jami'a ko makarantar da ta ƙware a kan koyar da kiɗa, irin su Juilliard ta birnin New York da aka kafa a 1905, da Berklee ta Boston, da Royal Academy of Music ta Landan wadda aka kafa a 1822. Abin da ya bambanta shi da shirin sauran fannoni shi ne, kyakkyawan sakamakon jarrabawa kaɗai ba ya wadatarwa, dole ɗalibi ya tsaya gaban malamai ya kaɗa ko ya rera su ji da kunnensu.

Wannan gwajin shi ne ƙashin bayan neman gurbi, kuma mintuna kaɗan ne, sau da yawa malamai kan tsayar da ɗalibi tun bai kai ƙarshen abin da ya shirya ba. Yawanci ana buƙatar kiɗa biyu ko uku masu salo daban-daban, wani mai sauri da ke nuna ƙwarewar yatsu, wani mai sanyi da ke nuna iya sarrafa sauti da numfashi. Akan kuma miƙa masa rubutaccen kiɗan da bai taɓa gani ba a ce ya kaɗa nan take, kuma a nan ne ake gane wanda ya iya karatu da wanda hadda kawai ya dogara da ita. A Amurka, makarantu da dama suna fara tace masu nema ta hanyar bidiyon da suke aikowa wajen farkon Disamba, sannan a gayyaci waɗanda suka tsallake tsakanin Janairu da Maris. Saboda haka ɗalibi mai hankali yakan zaɓi kiɗan gwajinsa tare da malaminsa tun shekara guda kafin lokaci.

Ɓangaren da ɗalibai suka fi sakaci da shi shi ne ka'idojin kiɗa da horar da kunne, wato sanin yadda ake jera sautuka da haɗa su, da iya rubuta abin da aka ji. Jami'o'i da yawa suna jarraba sababbin ɗalibai a kan wannan, wanda ya gaza a mayar da shi ajin share fage komai daɗin muryarsa. A tsarin ABRSM, hukumar shirya jarrabawar kiɗa ta Birtaniya, wadda take da matakai 8, ba a barin mutum ya zauna jarrabawar kaɗawa ta mataki na 6 sai ya ci mataki na 5 na ka'idoji ko makamancinsa. Fiyano ma yana cikin wannan sahu, domin ana buƙatar mai busa da mai rerawa su iya shi gwargwado, tunda a kansa ake koyar da haɗin sautuka.

Shiga ƙungiyar mawaƙa ko makaɗa ta makaranta yana koya wa ɗalibi bin madugu da sauraron na kusa da shi, abin da atisaye a ɗaki shi kaɗai ba ya bayarwa. Akwai kuma zaɓin irin digiri: a digirin kiɗa zalla na Amurka, kusan kashi biyu cikin uku na darussa na kiɗa ne, yayin da digirin fasaha na gama-gari yake barin fili mai yawa ga wasu fannoni, kamar tarihi ko harsuna.