Kafin ka canza kamfanin waya: tambayoyin da 'yan Kaduna suka fi yi

Ina riƙe da Tecno, ina so in koma Infinix, akwai wani babban bambanci?

Gaskiya ba sosai ba. Tecno da Infinix da itel duk 'yan gida ɗaya ne, kamfanin Transsion na ƙasar Sin, kuma Carlcare ne ke gyaransu gaba ɗaya. Ko Redmi ko Samsung ka koma, in dai lambobinka suna kan Gmail za su biyo ka, tunda duk Android ne. Inda ake shan wuya shi ne tsallakawa daga Android zuwa iPhone.

To me zan rasa in na koma iPhone?

Yauwa, wannan ita ce tambayar da na fi so mutum ya fara yi, don mu dai abin da za mu samu muke hange, abin da za mu bari ba ma lissafa shi. iPhone ba ta da wurin sa katin memori, girman da ka saya da shi za ka zauna, kuma 5GB kawai iCloud, wato ma'ajiyar iPhone ta intanet, ke ba ka kyauta alhali Google na ba da 15GB. Ba ta da rediyon FM, wanda ya saba saƙala iyafis ya ji labarai ba tare da data ba sai ya haƙura, ramin iyafis ɗin ma tun iPhone 7 a 2016 aka cire shi. Daga iPhone 12 a 2020 ba a sa kan caja a kwali, kuma in ba daga 15 zuwa sama ka saya ba, wato daga 2023 da suka koma USB-C, igiyar cajarka daban ce da ta sauran mutanen gida, ranar da ka manta ta a shago ka kwana da waya a mace.

Sai maganar layi, wadda ita ce ta fi ba mutane haushi. Yawancinmu layi biyu muke riƙewa, MTN da Airtel misali, saboda in sabis ɗin ɗaya ya ɗauke a unguwarku ɗayan ya yi aiki. Yawancin iPhone ramin sim ɗaya gare su sai eSIM, wato layin da ake sa wa waya ba tare da katin sim ba, waɗanda aka yi don kasuwar Amurka kuwa daga iPhone 14 ba su da ramin ma sam.

Amma fa bidiyonta na da kyau, tana shekaru tana karɓar sabuntawar manhaja, kuma in ka tashi sayarwa ba ta faɗuwa warwas. Mai sana'ar da ke ɗaukar kaya tana tallatawa a Instagram, ita kam kuɗinta bai tafi a banza ba.

WhatsApp ɗina fa?

Ajiyar da ka yi a Google Drive ba ta buɗewa a iPhone. Sai ka bi ta manhajar Move to iOS, kuma iPhone ɗin sai tana sabuwa ko an goge ta tas, don haka ka yi shi tun farkon kunna ta, kar ka sayar da tsohuwar sai ka ga hirarrakinka sun dawo. 'Yan kasuwa ku kula da wannan don Allah, lissafin bashin kwastomomi na wasunku duk a can yake.

Batir zan fifita ko kyamara?

Ni dai batir. Da yanayin wutar da muke ciki, wanda ke Rigasa ko Tudun Wada ya san amfanin batir mai girman 5000mAh da caja mai sauri da za ta cika waya kafin a sake ɗaukewa, ga zafin Maris da Afrilu da ke gajiyar da batir. Kuma kar yawan megafiksel da aka rubuta a kwali ya ruɗe ka, ɗauki hoto a cikin shagon inda haske bai da yawa ka gani da idonka.

Samsung fa, an ce ta fi ƙarko?

Ta fannin sabuntawa sun yi ƙoƙari, S24 da ta fito a 2024 shekara 7 suka yi mata alkawari. Sai dai kafin ka biya, ka leƙa wajen masu gyara a Kasuwar Gumi ka tambayi kuɗin sikirin ɗinta. Sikirin AMOLED, irin wanda ke kan S24, ya fi sikirin LCD tsada nesa ba kusa ba, in kana da yara masu jan waya a gida wannan lissafin ba ƙarami ba ne.

Kuɗina na ta hannu ne kawai, in saya?

Saya, amma a gabanka mai ita zai cire iCloud ko Gmail ɗinsa, in ya ce ya manta fasuwod ka ajiye masa kayansa. Danna *#06# ka ga lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ta yi daidai da ta kwali ko rasit, ka duba lafiyar batir a cikin saitin, ka sa layinka ka kira wani, sannan ka karɓi rasit mai sunan shago da lambar wayarsa.