Waiwaye: Yadda Ƙananan Injinan Hemi na Ingila da Japan Suka Shiga Motocin Hotrod

Wanda ya taɓa tsayawa a gareji ana canza wa Fijo 504 fulogi zai tuna cewa bakanike ba ta gefen inji yake neman sa ba. Doguwar sifana yake zurawa ta cikin murfin saman inji, kamar mai zura guga a rijiya, sannan ya zaro fulogin daga can ƙasa. Dalili shi ne ɗakin da fetur ke ƙonewa a kan kowace silinda an yi shi ne da siffa mai kama da kifaffen ƙoƙo, bawul ɗaya ta wannan gefe, ɗaya ta wancan, fulogi kuma a tsakaninsu. Wannan tsari shi Amurkawa ke kira Hemi, wato rabin ƙwallo. Mu da muka tashi da motocin da aka fara harhaɗawa a Kaduna tun 1975, mun daɗe da zama da dangin wannan inji ba tare da mun ba shi wani suna ba. A Amurka kuwa, sunan kaɗai ya isa ya tara jama'a a kan mota.

Hotrod tsohuwar mota ce mara nauyi, galibi Ford ta shekarun 1920 zuwa 1930, wadda aka cire mata duk abin da ba ya ƙara gudu, aka dasa mata injin da ya fi nata ƙarfi. Samarin kudancin Kalifoniya ne suka fara abin, suna kai motocinsu busassun tafkuna irin su Muroc da El Mirage su gwada gudu. A 1937 suka kafa ƙungiyar SCTA mai shirya musu gwajin gudu, a 1948 mujallar Hot Rod ta fara fitowa, a 1951 kuma Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA don tseren kwata ɗin mil. Injin da ya riƙe su a wancan zamani shi ne V8 na Ford, wato mai silinda takwas a jere biyu kamar harafin V, da ya fito a 1932 da ƙarfin doki 65. Yana da araha, yana ko'ina, amma bawul ɗinsa a jikin bulo suke, iska sai ta yi kwana-kwana kafin ta shiga ta fita, ga shi da saurin ɗaukar zafi.

Wanda ya fara kawo wa wannan inji kai mai siffar ƙoƙo ba ɗan asalin Amurka ba ne. Zora Arkus-Duntov, wanda aka haifa a Beljiyam a 1909 ya girma a Rasha, shi da ƙanensa Yura suka fitar da kawunan inji na alminiyam a 1947, suka gutsuro daga sunan gidansu, Arkus-Duntov, suka kira su Ardun. Ka cire kan Ford ka ɗora wannan, injin ya samu numfashi. Ba a yi su da yawa ba, kuma suna da tsada. Tsarin kansa ma tun 1905 kamfanin Pipe na Beljiyam yake amfani da shi. Na kawo wannan ne saboda masu cewa Hemi abin gadon Amurka ne zalla sukan tsallake wannan babi.

Abin da ba a musu a kai shi ne Chrysler ce ta mayar da shi abin kowa. A 1951 ta fito da FirePower mai lita 5.4 da ƙarfin doki 180. Rassanta biyu suka biyo baya, DeSoto a 1952 da mai lita 4.5, Dodge kuma a 1953 da ƙaraminsu, Red Ram, mai kusan lita 4 da doki 140. Babban cikinsu, wanda ake kira 392 saboda girmansa a ma'aunin inci, mai lita 6.4, ya fito a 1957. Bayan 1958 Chrysler ta daina yin su, don kuwa kai mai siffar ƙoƙo yana buƙatar sanduna biyu na rokoki a kowane gefe, da faffaɗan kai, da fistan mai tozo, duk kuɗi ne da nauyi. Motocin da suka ɗauke su suka tsufa suka koma hannun 'yan gwangwan, 'yan tsere kuma suka bi su can suna kwashewa da arha. Da irin wannan inji ɗan tseren kwata ɗin mil Don Garlits ya yi suna. A 1964 Chrysler ta dawo da tsarin a injin 426 mai lita 7, Richard Petty ya ci tseren Daytona da shi a shekarar, aka sayar wa jama'a daga 1966 zuwa 1971. Har gobe injinan manyan motocin tseren kwata ɗin mil a kan fasalinsa ake ƙera su.

To ina matsalar? Nauyi da faɗi. Tsohon Hemi na Chrysler ya haura kilo 300. Ka ɗauki Ford Model T wadda gaba ɗayanta ba ta kai kilo 800 ba, ka ɗora mata wannan a gaba: hanci ya nutse, sitiyari ya yi tauri, kawunan inji su fito ta gefe har bonet ya ƙi rufuwa. Tun daga 1955 da Chevrolet ta fito da ƙaramin V8 ɗinta, mai sauƙin nauyi da sauƙin kuɗi, mafi yawan masu haɗa mota suka koma kansa. Ya yi yawa har aka yi masa laƙabi da injin cibiya, wai kowa yana da ita. Da aka zo shekarun 1990, sha'awar haɗa mota irin ta da ta dawo, kowa yana neman abin da ba na maƙwabcinsa ba. Farashin 392 da Red Ram ya tashi, saboda tun 1958 ba a ƙara ko ɗaya ba, ga 'yan tsere sun fasa da yawa. Daga nan ido ya fara komawa ƙetare.

Wanda ya fi cancanta a tsaya a kansa shi ne injin kamfanin Daimler na Ingila. Edward Turner ne ya zana shi, mutumin da ya yi injin babur ɗin Triumph Speed Twin a 1937, kuma da hankalin mai babur ya zo aikin. V8 ne mai lita 2.5, bulo na ƙarfe, kawuna na alminiyam, kafireto biyu na SU, ƙarfin doki 140. Ka lura: daidai ƙarfin Red Ram na farko, da inji wanda bai kai kashi biyu cikin uku na girmansa ba, nauyinsa kuma wajen kilo 190. An fara nuna shi a Niyok a 1959 cikin wata ƙaramar mota mai jikin fayiba da aka sa wa suna Dart. Chrysler ta ce sunan na Dodge ne, sai aka koma kiran ta SP250. Ba a yi sama da 2,700 ba kafin a tsaya a 1964, kuma 'yan sandan Landan sun sayi wasu don bin samarin da ke gudun ganganci da babura. Amma Jaguar, wadda ta sayi Daimler a 1960, ta sa injin a jikin motarta Mark 2 daga 1962 zuwa 1969, aka yi sama da 17,000. Waɗannan motoci tsatsa ta cinye jikin da yawa daga cikinsu, injin ya rage. Shi ya sa a Ingila da Ostareliya da Niyuzilan aka fi ganin sa cikin hotrod, a ƙananan Ford irin Popular da Anglia, kafin Amurkawa su farga.

In ka tsaya gaban Model T da aka sa wa wannan inji, abin da ido ke fara kamawa shi ne daidaito. Murafan alminiyam biyu suna sheƙi, wayoyin fulogi huɗu-huɗu suna nutsewa a tsakiyar kowanne, bututun salansa suna fita ta gefe, kuma duk abin ya zauna tsakanin ƙarafan shasi ba tare da an yanka komai ba. Daga nesa ka rantse 392 ne aka wanke ya motse. Ni a ganina babu injin da ya dace da ƙaramar mota irin wannan kamar shi, kuma ba kyau kaɗai gare shi ba. A filin tsere na Santa Pod da ke Ingila, Russ Carpenter ya ɗora masa famfon cusa iska, ya ba shi man naitiro, motarsa Glacier Grenade ta riƙa cinye kwata ɗin mil cikin daƙiƙa bakwai da 'yan kai. Lita biyu da rabi ke nan.

Na Japan labarinsa daban. Toyota ta sa V8 na alminiyam a motarta ta manya, Century, tun 1967, ya fara da lita 3, ya koma 3.4 a 1973, ya ƙare a lita 4 daga 1982 zuwa 1997. Mota ce ta shugabannin kamfanoni da manyan jami'an gwamnati, direba ke ja, kusan duka a cikin Japan aka sayar. An yi injin ne don ya yi shiru, ba don gudu ba, ƙarfinsa bai wuce doki 190 ba. Amma in ka cire masa robobi da bututun da suka lulluɓe shi, sai ga murafai masu faɗi da fulogi a tsakiya, kamannin Hemi sak. Dokar Amurka ta ba da damar shigo da motar da ta kai shekara 25 ba tare da cika ƙa'idojin sababbin motoci ba, don haka duk Century mai wannan inji yanzu ƙofa a buɗe take gare ta.

Akwai kuma wanda bai ma buƙaci jirgin ruwa na musamman ba, don da ƙafarsa ya zo. Corolla ɗin da aka sayar a Amurka a shekarun 1970 zuwa farkon 1980 suna ɗauke da 2T-C mai lita 1.6 da 3T-C mai lita 1.8, silinda huɗu, kai mai siffar ƙoƙo. 'Yan tseren Fuwato Riko sun daɗe da gane ƙarfin jikinsa, suna sa masa tarbo suna ba manyan injina kunya. Ga mai son haɗa ƙaramar mota mai kujera biyu da kuɗi kaɗan, wannan ne mafi sauƙin samu.

Labarin da ya fi burge ni shi ne na Burazil. Ford tana da wani ƙaramin V8 mai lita 2.2 da doki 60, ta sayar da shi a Amurka daga 1937 zuwa 1940, jama'a suka raina shi. Ya ci gaba da rayuwa a masana'antar Ford ta Faransa, kamfanin motoci na Simca ya gaje shi a 1954, ya kai shi Burazil. A can, a 1966, injiniyoyi suka yi masa kawuna masu siffar ƙoƙo a kan dabarar da Ardun ta fara, suka kira shi Emi-Sul, ƙarfinsa ya kai doki 140. Duk Ba'amurken da ya samo wannan ya sa a hotrod, shin baƙo ya shigo da shi, ko ɗan gida ne ya dawo daga ci-rani?

Saura kuma sai a ambata a wuce: V8 na Tatra 603 ta Cekoslobakiya mai sanyaya kansa da iska, da Mitsubishi mai lita 2.6 wanda Chrysler da kanta ta liƙa wa tambarin Hemi a kan ƙananan motocinta a 1981.

Masu adawa suna da hujja, kuma ba ƙarama ba. Na farko, lissafi. Da kuɗin da za ka kashe ka tayar da Daimler ɗaya, za ka sayi Chevrolet 350 mai ninkin ƙarfinsa, wanda ko ina ka shiga a Amurka akwai gaskit ɗinsa da famfon ruwansa a kan kanta. Mafi yawan injinan Daimler da giya mai canza kanta ta Borg-Warner suke zuwa, wanda ke son giyar hannu sai ya nemi mai injin gurza ƙarfe ya yanka masa farantin haɗi. Ba a sayar masa da bakin kafireto na ƙarin ƙarfi a kasuwa kamar yadda ake yi wa Chevrolet, sai a zauna a ƙera. Na Century kuwa kayan gyaransa sai an jira daga Japan, ga notinansa na milimita a cikin motar da komai nata na inci ne, dole akwatin sifana biyu. Na biyu, al'ada. Akwai masu ganin cewa hotrod na gaskiya sai da kayan da saurayin Kalifoniya zai iya samu kafin tsakiyar shekarun 1960, kuma injin Toyota a cikin Ford ta 1932 cin fuska ne.

Hujjar farko na yarda da ita gaba ɗaya: wanda gudu kaɗai yake nema, kada ya bi ta nan. Ta biyun ce ban gamsu da ita ba. Samarin Muroc ba don kishin ƙasa suka zaɓi Ford ba, shi suka samu a bola da kuɗin aljihunsu. Da Cadillac da Oldsmobile suka fito da sababbin V8 a 1949, nan take suka fara cusa su cikin Ford, ba wanda ya ce an ɓata jini. Wanda ya san Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano ya san wannan hali, inda ake ɗauko injin wata mota a yi masa kujera a wata, mai walda da bakanike su zauna su sasanta. Bambancin kawai mu larura ce ke sa mu, su kuma sha'awa. Kuma SP250 an sayar da ita a Amurka tun farkon shekarun 1960, don haka ko a ma'aunin masu tsaurin ra'ayin, Daimler ya shiga.

Abin da nake jin tsoro shi ne hanyar da 392 ya bi ita Daimler ke bi. Tun 1969 ba a ƙara zuba bulo ko ɗaya ba, masu gyara tsofaffin Daimler su mayar da su yadda suka fito suna neman injinan, 'yan hotrod ma suna nema, kawunan alminiyam kuma in an bar ruwa mara magani ya kwana a ciki shekara da shekaru sai ya cinye su ta ciki. Mai sayen irin wannan inji a yau, kafin ya tambayi ko yana tashi, kan yake fara sa a cire ya duba hanyoyin ruwa.