Ƙwayar cutar tarin fuka da magungunanta

Mycobacterium tuberculosis ita ce ƙwayar bakteriyar da ke haddasa tarin fuka a jikin ɗan Adam. Siffarta kamar ɗan guntun sanda take, kuma tana da ɓawo mai kauri mai maiƙo wanda ke hana magunguna da yawa shiga cikinta. Tana hayayyafa a hankali ƙwarai: takan rabu gida biyu sau ɗaya cikin kimanin awa 15 zuwa 20, alhali wasu bakteriyoyin minti 20 ke isarsu. Wannan jinkiri ne ya sa renonta a ɗakin gwaji ke ɗaukar makonni, maganinta kuma watanni.

Ta iska take yaɗuwa idan mai cutar a huhu ya yi tari. An ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa kamuwa da ita, amma kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ne kawai cutar kan bayyana musu a tsawon rayuwa.

Tarihi

Likitan Jamus Robert Koch ne ya sanar da gano ƙwayar a Berlin ranar 24 ga Maris, 1882. A 1890 ya fito da wani ruwa mai suna tuberculin yana cewa magani ne. Bai warkar da kowa ba, sai dai daga baya ya zama abin gwajin fata don gano wanda ya kamu da ƙwayar. Allurar rigakafin BCG, aikin Albert Calmette da Camille Guérin na Faransa, an fara ba jariri ita a 1921.

Magani na farko mai kashe ƙwayar shi ne streptomycin, wanda Albert Schatz ya ciro daga wata bakteriya mai rayuwa cikin turɓaya a 1943, a ɗakin binciken Selman Waksman da ke Jami'ar Rutgers a Amurka. Waksman kaɗai aka ba lambar Nobel a 1952, lamarin da har yanzu ake taƙaddama a kansa. Gwajin da aka yi a Birtaniya, aka buga sakamakonsa a 1948, ya nuna maganin na aiki, ya kuma nuna cewa cikin 'yan watanni ƙwayar kan daina jinsa idan an bayar da shi shi kaɗai. Daga nan aka kafa ƙa'idar haɗa magunguna. Isoniazid ya shigo asibitoci a 1952, ko da yake an harhaɗa sinadarin tun wajajen 1912. Rifampicin ya biyo baya daga Italiya a shekarun 1960, kuma shi da pyrazinamide ne suka rage tsawon jinya daga wata 18 ko fiye zuwa wata 6.

Magani a yau

Wata 2 na farko ana shan magunguna huɗu kullum. Ga babba, a kowane kilo na nauyin jiki, ana ba da kimanin miligiram 5 na isoniazid, 10 na rifampicin, 25 na pyrazinamide da 15 na ethambutol. Sauran wata 4 isoniazid da rifampicin ne kawai. Dalilin haɗawar shi ne, a ramin da cutar ta ci a huhu akwai ƙwayoyi miliyoyi, kuma ba a rasa 'yan kaɗan da ba sa jin magani ɗaya, amma da wuya ƙwaya guda ta ƙi jin biyu lokaci ɗaya.

Uku daga cikin huɗun na iya taɓa hanta, don haka amai mai naci ko rawayar ido dalili ne na komawa asibiti nan take. Isoniazid kan kawo jin suka kamar ta allura a tafin ƙafa, ana kare hakan da bitamin B6. Ethambutol na iya raunana gani, musamman bambanta ja da kore. Rifampicin kan mai da fitsari jajaja, wanda ba illa ba ne, amma yana rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa da wasu magungunan cutar ƙanjamau.

Bijirewa magani

Tari yakan lafa cikin makonni kaɗan, marasa lafiya da yawa sai su daina sha ko su riƙa tsallake kwanaki. Ƙwayar da ta bijire wa isoniazid da rifampicin duka biyun tana buƙatar wani tsari dabam. Na'urar GeneXpert kan gano bijirewa rifampicin daga majina cikin kimanin awa 2. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin bedaquiline, pretomanid, linezolid da moxifloxacin na wata 6 domin irin wannan tarin.