Ma'anar "bokeh" da dalilin da ya sa ake neman tsofaffin gilasan kyamara

In ka zauna da masu ɗaukar hoto za ka ji ana cewa gilashi kaza yana da bokeh mai kyau. "Boke" ake furta kalmar, kuma ba abin da ya haɗa ta da boka ko boko. Daga harshen Japan ta fito, ma'anarta dishi-dishi. Mujallar Photo Techniques ta Amurka ce ta yaɗa ta a 1997, editanta Mike Johnston ya liƙa mata harafin h don kada masu Turanci su haɗiye wasalin ƙarshe.

Mutane da yawa sun ɗauka bokeh shi ne yawan dishi-dishin da ke bayan mutum a hoto. Abin da ake nufi shi ne kamannin dishi-dishin, ko mai laushi ne ko mai kaushi, ko yana kwantar da ido ko yana yi masa hayaniya. Ka tsayar da mutum da dare, da 'yan ƙananan fitilu a can bayansa, ka saita kyamara a kan fuskarsa. Kowace fitila za ta koma dunƙulen haske. Siffar dunƙulen nan ita ce ake magana a kai. Idan ka rage ƙofar haske, wato ramin da haske ke bi a cikin gilashin, yawan 'yan faifan ƙarfen da ke cikinta zai nuna: mai faifai shida kusurwa shida zai ba ka.

A nan ne tsofaffin gilasai suka shigo, don aibinsu ne ya zama kwalliyarsu. Ɗauki Helios 44-2, gilashi mai milimita 58 da Tarayyar Sobiyet ta ƙera da yawan gaske tana haɗawa da kyamarar Zenit. Tsarinsa kwaikwayon Biotar ne na kamfanin Carl Zeiss da ke Jena a Jamus. Idan aka buɗe shi gaba ɗaya, hasken da ke shigowa ta gefe ba ya samun cikakkiyar hanya, bakin gilashin yana yanke shi. Sai dunƙulen da ke tsakiya su fito zagayayyu, na gefe kuma su tsuke kamar idon kyanwa, su jeru suna kewaye tsakiyar hoton. Wanda aka ɗauka yana nan daram, bishiyoyin bayansa kuwa suna juyawa kamar an sa muciya. Injiniyoyin da suka ƙera shi ba wannan suka nufa ba. Gazawa ce da gilasan yanzu suka yi ta ƙoƙarin magancewa.

Shi kuwa Trioplan mai milimita 100 na kamfanin Meyer da ke Görlitz, gilasai uku kacal ne a cikinsa, kuma dunƙulen haskensa suna da baki mai ƙyalli kamar kumfar sabulu.

A ganina ana wuce gona da iri wajen yabon abin. Juyin Helios yana burge ido a hoto na farko da na biyu, amma in aka cika kundin biki da shi sai kai ya fara juyawa shi ma. Ga shi ba ya saita kansa, da hannu ake murɗawa, kuma in rana ta faɗo masa kai tsaye launin hoton sai ya koɗe.

Dishi-dishin da waya ke yi kuwa lissafi ne. Manhaja ce ke ƙiyasta inda mutum ya ƙare, ta shafe sauran, shi ya sa take cinye gefen gyale ko silin gashi.

Wanda ke son ganin juyin da idonsa yana buƙatar adafta, wato zoben da zai haɗa gilashin da kyamarar zamani, domin gindin Helios 44-2 na murɗawa ne, irin wanda ake kira M42. Ya buɗe ƙofar haske zuwa f/2, wato iyakar buɗewarta, ya tsaya kamar taku uku daga mutumin, a bayansa kuma a sami ganyen da rana ke ratsawa. Sai dai kyamara mai ƙaramin sensa, wato farantin da ke karɓar hoto a cikinta, tana yanke gefen hoton, inda juyin ya fi ƙarfi.